Man bilicin, magunguna da ranar bazara

Lokacin fita bishara da tarurrukan matasa a fili ya zo daidai da zafin Maris da Afrilu. Mukan shirya waƙoƙi da kuɗin mota, amma ba ma tambayar wanda ke shafa wani abu ko shan wani magani da rana za ta iya cutar da shi. A ganinmu wannan sakaci ne.

Baƙin fatarmu daga sinadarin melanin yake, kuma shi ne ke tare wani ɓangare na hasken rana mai ƙuna. Man bilicin mai ɗauke da hydroquinone yana hana jiki yin wannan sinadari, mai ɗauke da steroid irin su clobetasol kuma yana sa fata ta yi siriri. Shi ya sa za mu ga 'yar'uwa ta yi haske wata uku, daga baya kumatunta su yi baƙi ƙirin, daidai inda rana ke bugu. Tabon nan yana da wuyar fita. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Haɗin gida ma bai tsira ba: ruwan lemun tsami a fata, in aka shiga rana, yana iya tayar da bororo.

Kada mu ɗora laifin a kan 'yan mata kaɗai. Farawa sura 1 ta koya mana cikin kamannin wa aka halicce mu, amma a harabar ikkilisiya muke tsokanar baƙar yarinya, samarinmu kuma suna yabon fara. Mu ne kasuwar wannan mai.

Akwai kuma waɗanda ba su zaɓa ba. Doxycycline da ake ba masu ƙurajen fuska, ciprofloxacin, da hydrochlorothiazide na hawan jini da iyayenmu da yawa ke sha, duk suna iya sa rana ta ƙona mutum da wuri. Waɗannan ba a daina su sai da izinin likita. Sai dai a nemi inuwa, a sa hula mai faɗi da riga mai dogon hannu, a shafa man kariyar rana mai lamba SPF 30.

Shugabannin zumunta, mu daina sa jerin gwano da sha biyun rana. Mu fita da bakwai na safe, ko bayan huɗu na yamma, mu kuma sa kuɗin hayar rumfa cikin kasafin taro.