Gajimaren da ba ya kawo ruwa

A buron da nike aiki, ranar da aka ce mu bar yawo da kile, kowace takarda a tura ta "gajimare", wallahi na yi murna. Rahoto guda a Google Drive, ni ina Maradi, abokiyar aikina tana Yamai, muna gyara shi lokaci guda. Ba sauran kai ambulan tasha.

To amma ƴan uwa, gajimaren nan ba a sama yake ba. Gini ne cike da kwamfutoci, galibi a Turai ko Amurka, kuma wuta da rezo kaɗai ke sada mu da shi. Kun tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke muna wuta? Ranar biyan albashi rezo ya ɗauke, jerin sunayen yana can, muka zauna muna kallon juna har la'asar. Mai gadi ya koma gida hannu banza.

Ban ce a koma ma kabad da ƙura ba. Amma takardar da tuwon wani ya rataya gare ta, a aje kwafinta nan gida.

Ga kuma sunaye da lambobin mutane. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutum. Wa ya tambayi masu su kafin a tura su waje? A buronmu dai ba a tambayi kowa ba, kuma ni da hannuna na tura.