DAGA BAKIN ALLO: Tica ya koma aji ɗaya

 Wannan watan zan jingine maganar kuɗin littafi da ta jarrabawa, in ba ku labarin wata ɗawainiya da na ɗora wa kaina da gemuna. Na fara koyon kaɗa jita.

Ga yadda abin ya samo asali. A manhajar firamare da aka shigo da ita a 2019 akwai darasin fasaha, wanda ya haɗa zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo. Shekara da shekaru, in lokacin kiɗa ya yi, sai in ce wa yara su rera waƙa, ni kuwa in koma gefe ina duba aikin lissafi. Ina cin albashin darasin da ba na koyarwa, abin yana damuna. Da na je hutu Bawku gaida mahaifiyata, sai na tarar da wata tsohuwar jita a ɗakin ƙanena, tsirkiya biyu sun tsinke. Mma ta gan ni ina share mata ƙura, ta ce, "Bayan duk karatun nan, roƙo za ka koma?" A buhu na ƙunshe ta har Salaga, don kada a gan ni da ita a tasha.

Kun san halinmu. A wurinmu kiɗa sana'ar gado ce, wanda bai gada ba kuwa in ya taɓa sai a ce ya lalace. Wani dattijo da muke salla tare ya tare ni ya ce, "Tica, me nake ji yana fitowa daga ɗakinka da dare?" Na gaya masa gaskiya. Game da hukunci, malamai sun yi magana a kan kayan kiɗa masu tsirkiya, da yawa sun hana, wasu sun sassauta. Ni malamin boko ne, fatawa ba aikina ba ce, kowa ya tambayi malaminsa.

Amma dai tsirkiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Lokacin da nake aiki a Yendi na sha ganin masu goge, wanda Dagombawa ke kira gonje, suna yi wa Ya-Na kiɗa, kuma gado ne a gidajensu. A yankin Bolgatanga akwai kologo mai tsirkiya biyu, ɗan'uwan molonmu, da shi King Ayisoba ya ci kyautar waƙar shekara ta Gana a 2007. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Ali Farka Toure na ƙasar Mali da kayan kiɗan gargajiya mai tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya kama jita. A Kudu kuwa tun 1928 'yan Kumasi Trio suka je Landan aka ɗauki kiɗansu na jita a faifai.

To, ga mai sha'awa, ga abin da na koya da gumina. Jita tana da tsirkiya shida. Daga mai kauri zuwa siririya, sunayen muryoyinsu E, A, D, G, B, E. Wuyanta an raba shi gaɓa-gaɓa da ƙananan ƙarafa. Kafin komai sai an saita ta, domin jitar da ba ta saitu ba ko gwani ya kaɗa ta hayaniya ce. Wayar hannu tana yin wannan aiki, amma ya kamata kunne ma ya iya. Danna tsirkiya mai kauri a gaɓa ta 5, muryarta ta zo daidai da ta mai bi mata. Haka za ka yi ta yi har ƙasa, sai a kan tsirkiyar G kaɗai, ita a gaɓa ta 4 ake dannawa.

Daga nan sai kamu, wato danne tsirkiyoyi biyu ko uku a lokaci guda su ba da murya ɗaya mai daɗi. Fara da wanda ake kira Em, yatsa biyu kawai yake so. Sannan G da C da D. Da waɗannan huɗu ana raka waƙoƙi masu yawan gaske. Yanke farcen hannun da kake dannawa da shi. Danna dab da bayan ƙarfen, kada ka hau kansa. Yatsu za su yi zafi kamar ka taɓa garwashi, musamman in tsirkiyar ƙarfe ce, ta roba ta fi sauƙi ga ɗan koyo. Bayan 'yan makonni kanta za ta fito, zafin ya tafi. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Kuma a kula da hunturunmu na Arewa, yana busar da katako har ya tsage. Kada a bar jita a rana ko a jingine ta kusa da murhu.

Wa ya koya mini duk wannan? Wani yaro ne da na taɓa koyarwa a aji shida, yana kaɗa jita a cocinsu. A ajina ba ya cikin masu ƙoƙari, na sha yi masa tsawa a kan lissafin rabawa. Yanzu shi ke zuwa gidana bayan la'asar. Sati uku na yi ina fama da sauyawa daga G zuwa C, yatsuna sun ƙi. Ran nan na fusata na ajiye jitar. Yaron ya ɗauka ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Tica, ba ka yi kuskure ba, sauri kake yi. Mu sake a hankali." Ko sau ɗaya bai taɓa ce mini daƙiƙi ba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Shekara ashirin ina gaban allo, na manta yadda mutum ke ji in kowa ya gane shi bai gane ba. Yara nawa na kora daga lissafi da harshena? Tun daga ranar, in yaro ya kasa, nakan ce masa mu sake a hankali. Ina roƙon 'yan'uwana malamai, da iyaye masu duka a kan karatu, kowa ya nemi wani abu da bai iya ba ya koya, ko ɗinki ne ko tuƙin babur, ya ɗanɗani zaman ɗan koyo. Gemu ba ya hana ilmi.

Yanzu ina iya raka yara waƙa biyu a aji, suna dariya in na ɓata, ni ma ina yi. Kamun F har yau ya gagare ni. Wanda ya san dabararsa ya rubuto wa wannan fili ta hannun edita. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.