Kunnenka kake saya wa iyafis ko idon mutane?

Jama'a, yau sai na faɗa, mai jin haushi ya ji. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Abokin ɗakina a nan Ibadan ya karɓi kuɗin abincin wata daga gida, ya yanki dubu goma sha biyar ya sayo farin iyafis mara waya, irin jabun da ake kwaikwayon AirPods da shi. Na ce, "Malam, me ya kai ka?" Ya ce, "Ai kowa a ajinmu shi yake sawa." Iyakar hujjar ke nan fa! Mako uku, na hagu ya daina caji. Na dama kuwa kullum sai ya zame, har ya faɗa kwata wajen rububin hawa bas. Yanzu garin kwaki yake jiƙawa safe da yamma, kuma nawa mai waya, wanda yake yi wa dariya da, shi yake aro.

Amma wallahi ba asarar kuɗin ce ta fi damuna ba. Kunnen ne.

Iyafis ɗin da bai zauna daram a kunne ba, hayaniyar waje shiga take yi. Ga injin bas, ga ihun kwandasta, ga janareta a hostal. Sai ka yi ta ƙara murya don ka danne su, har na kusa da kai yana bin waƙar tare da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin wannan sauraro. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 kuma, lokacin ya ragu da rabi. Yawancin wayoyinmu in an ƙure su suna kaiwa desibel 100 ko fiye, inda 'yan mintuna sun isa yin ɓarna. Ƙananan ƙwayoyin da ke can cikin kunne, masu kama sauti, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Wannan "wiii" da kake ji da dare bayan ka cire iyafis, kashedi ne.

To me za ka duba in ka je saye? Fara da robar bakinsa. Na kirki yakan zo da roba kala uku, ƙarama, matsakaiciya da babba. Gwada su duka, ka girgiza kai, ka yi hamma, ka ga ko zai motsa. In ta toshe kunnen da kyau, ganga za ta fito da nauyinta ba sai ka ƙure murya ba. Yawancin masu kukan "ba shi da bes", robar ce ba daidai da kunnensu ba. In mai yawan tafiya a rana ne kai, duba ko an rubuta IPX4, wato yana jure gumi da yayyafi. Kuma ka sa waƙar da ka sani sarai ka saurara a shagon. Wanda ya hana ka gwadawa, bar masa kayansa.

Wani zai ce, "Wayata ba ta da ramin iyafis." Gaskiya ne, tun da iPhone 7 ta fito babu shi a 2016 wasu kamfanoni suka bi sahu. Ban ce kowa ya koma mai waya dole ba. Amma ka sani batirin cikin mara waya ɗan mitsitsi ne, yana tsufa, kuma galibi ba a canza shi. Ranar da aka ɗauke wuta kwana biyu, mai waya bai san ana yi ba. In mara wayan kake so, sayi na gaske daidai aljihunka, mai garanti, ya fi jabun mai babban suna. Kyan ɗan maciji ne.

Masu alfahari da na'urar kashe hayaniya, ku ma ku ji. Ta fi aiki a kan ƙara mai ɗorewa kamar gunjin inji, kuma a cikin mota ko ɗakin karatu alheri ce. Amma ka toshe kunne biyu kana tsallaka titin bakin get, ga okada ga danfo? Haba ɗan'uwa! 'Yan'uwa mata masu sawa ƙarƙashin hijabi, direba bai ma san kunnenku a toshe yake ba. A kan titi, cire ɗaya.

Iyayenmu sun turo mu nan mu saurari lacca, ba mu koma gida muna "iye? me ka ce?" tun muna 'yan ashirin da wani abu ba. Kada murya ta wuce kashi 60, kuma duk bayan awa ɗaya a huta. Masu kallon kunnenka yau, babu wanda zai ara maka nasa gobe.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. To a bar kunnen da ransa tukuna.