Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Gwaiwa, Basir Da Shirun Mazajenmu

Yau a ajiye zancen soyayya tukuna, akwai maganar da ta shafi rai.

Duk mai bin littattafanmu ya san cutar da muke ɗora wa taurarinmu: ciwon zuciya, hawan jini, ko hatsarin mota a garzaya da mutum Misra ko Indiya. Gwaiwa kuwa ba ta shiga littafi sai in ana son a yi wa wani tsoho dariya. A ganina mu marubuta muna cikin masu ƙara wa wannan lalura kunya, alhali kunyar ce ke kai magidanta kabari.

Abin da ake kira gwaiwa iri biyu ne. Akwai ta ruwa, wadda ruwa ke taruwa a jakar maraina. A wasu yankunanmu cutar tundurmi da sauro ke yaɗawa na cikin masu kawo ta. Akwai kuma ta hanji, wadda wasu ke kira ƙaba: naman da ya tare ciki ne ke yin rauni a matsematsi, sai hanji ya samu kafa ya leƙo. Alamarta kumburi ne mai fitowa in an tsaya, an yi tari ko an ɗaga kaya, ya koma in an kwanta, tare da jin nauyi ko ja a wurin, musamman da yamma. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan maza 27 cikin 100 kan gamu da ita a rayuwarsu, mata kuwa kusan 3 cikin 100. To ina abin kunya a lalurar da ke samun namiji ɗaya cikin huɗu?

Ita wannan ƙofa da ta buɗe, babu jiƙo ko tsimin da ke rufe ta, ɗaure ƙugu da ɗamara ma ba ya warkar da ita. Ga babba, tiyata ce kaɗai maganinta: a mayar da hanjin, a ɗinke wurin, sau da yawa a shimfiɗa wata 'yar raga ta ƙarfafa shi. Aiki ne da ake yi a manyan asibitocin gwamnati kullum.

Na san abin da za a ce: babu kuɗi, kuma ana tsoron wuƙa kada ta taɓa mazakuta. Maganar kuɗi gaskiya ce, ba na raina ta. Amma a auna: aikin da aka shirya wa, aka tara masa kuɗi a hankali, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan na tsakar dare. Domin ranar da hanjin ya maƙale ya ƙi komawa, wurin ya yi tauri da azabar ciwo, amai ya zo, bayan gida da iska suka tsaya, to jini ya daina kai wa hanjin, cikin sa'o'i yana iya mutuwa. Nan ba a jiran gari ya waye. Batun mazakuta kuwa, yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna komawa ga iyalinsu lafiya lau. Sannan ba kowace ƙarama marar ciwo ake yanka nan take ba, likita na iya cewa a zuba mata ido. Sai dai shi ne zai yanke wannan hukunci, ba mai lasifika a bakin tasha ba.

Wasu kuma da sun ji ciwo a matsematsi sai gabansu ya faɗi, ko dajin hanji ne? A kwantar da hankali, gwaiwa ba ta rikiɗa ta zama daji. Ciwon wurin ma yana iya zama kaluluwa, ko gurɗewar nama, ko tsakuwar ƙoda. Abin da ya haɗa ta da hanji shi ne yunƙuri: mai fama da taurin bayan gida, ko tari mai daɗewa, ko fitsarin da sai an yi nishi, yana matsa wa wurin lamba.

Inda ya kamata gaba ya faɗi shi ne inda muke sakaci. Mun mayar da kalmar basir buhun da ake zuba kowace cuta. Jini a bayan gida, basir. Rama, basir. Kasala, basir. Alhali jini a bayan gida, gudawa ko taurin ciki da ya ɗauki makonni, ramar da babu dalili da ƙarancin jini, duk suna cikin alamomin dajin babban hanji, wanda shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji a duniya. Ba kuma ciwon tsofaffi kaɗai ba ne. Chadwick Boseman, tauraron fim ɗin Black Panther, ya rasu da shi a 2020 yana da shekara 43. A 2021 masana lafiya a Amurka suka sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Gwajin shi ne a duba bayan gida, ko a leƙa hanjin da siririn bututu mai kyamara, kuma ana yinsa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. In an kama ciwon da wuri, ana warkewa da yardar Allah. Mafi yawan jinin basir ne ɗin, amma ba a tabbatarwa sai an duba.

Uwargida, ke ce kan fara lura: ya daina ɗaga buhu, yana dafe mara in zai yi tari, wando ya yi masa yawa. Kada ki tsaya ga dafa masa sassaƙe. Ki lallashe shi da irin kalaman da kika iya, in ya ƙi ki haɗa shi da wansa ko amininsa. 'Yan uwana marubuta, mu ma mu bar tauraro ɗaya ya je asibiti da gwaiwa, a yi masa aiki, ya dawo matarsa na sonsa. Maigida kuma, gaban likita ranar wanka ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.