Tsakanin "Borrow" da "Lend": Wa Ke Bin Wa Bashi?

A wannan makon zan tsaya a kan kalmar aikatau ta Turanci, wato "borrow", wadda ta daɗe tana yi wa ɗalibai da ma'aikata tarnaƙi.

Kullum sai ka ji an ce "Borrow me your biro", ana nufin a ara wa mutum biro. A daidaitaccen Turanci, wanda WAEC da NECO ke auna ɗalibai da shi, wannan kuskure ne. "Borrow" aikin mai karɓa ne, "lend" kuwa na mai bayarwa. Abin da ya dace shi ne "Lend me your biro", ko kuma "May I borrow your biro?"

A ganina, ba daƙiƙanci ke jawo wannan ba, harshen uwa ne yake bin ɗalibi har cikin aji. Bahaushe da tushen kalma guda yake yin ayyukan biyu: "na ari littafi a wurin Audu", "Audu ya ara mini littafi". Karin sauti da wasalin ƙarshe da ɗan "mini" ɗin nan su ke nuna inda littafin ya dosa. Ga kuma Turancin buroka, inda "borrow me" daidai ne, ba mai ɗaga gira. Sai dai ta wani gefen Hausa ta fi Turanci tantancewa, domin mun raba aro, inda ake mayar da abin shi kansa kamar tsani ko keke, da rance, inda ake biyan madadi kamar kuɗi ko hatsi. Bature duk "borrow" yake cewa.

Inda abin ke ba ni tsoro shi ne takardar yarjejeniya. A ce mutum ya ranta wa Audu naira 200,000, ya rubuta "I borrowed Audu N200,000", suka sa hannu. Ranar da aka yi saɓani, wannan jimlar ba ta fayyace mai bin bashi ba, har ma tana iya sa a zaci marubucin ne ya karɓa. Ya kamata ya rubuta "I lent N200,000 to Audu". In Audu ne ke rubutawa, sai ya ce "I borrowed N200,000 from", ya biyo da sunan mai kuɗin.

A lura, "borrow" da "from" take tafiya, "lend" kuma da "to". Shuɗaɗɗen lokacinta "lent" ne. "Lended" babu ita.