RA'AYINMU: A TOSHE KAFAR ISKA, A BAR KASKO A TSAKAR GIDA

Hunturu ya kankama. Tun daga ƙarshen watan Nuwamba iskar arewa maso gabas ta soma kaɗawa daga Hamada, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta zo ta lulluɓe ƙasar Hausa tun daga Damagaram da Maraɗi har Zariya da Jos. Ba ta kan sarara ba sai wajen ƙarshen Fabrairu, wata shekara ma har ta taɓa Maris. Da rana ba a faye kuka ba, domin zafi kan kai digiri 28 ko 30 a ma'aunin Salshiyas. Amma da dare ya raba, musamman daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, yakan sauka zuwa 12 ko 10 a Kano da Zariya. A Jos kuwa, da ke bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, yakan yi ƙasa da haka.

Wataƙila malamanmu da suka yi karatu a Ingila ko Rasha su yi murmushi, su ce digiri 10 ai ba sanyi ba ne. Gaskiya ne, amma fa su can gidajensu an gina su ne don sanyi. Mu nan ɗalibin da ke ɗakin kwanan jami'a, da wanda ya kama haya a ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, da ƙaramin ma'aikacin da bai daɗe da karɓar albashinsa na fari ba, duk suna kwana ne a ɗakin da da kaɗan ya fi waje ɗumi. Tambayar da ke gaban kowannensu ita ce: ta yaya mutum zai ɗumama irin wannan ɗaki ba tare da aljihunsa ya yage ba, ba kuma tare da ya sayar da ransa ba? Amsar wannan mujalla guda ɗaya ce. Ɗumi mafi araha shi ne wanda aka hana shi fita, ɗumi mafi tsada kuwa shi ne na garwashin da aka kwana da shi a ɗaki rufe.

Kafin a nemi magani ya kamata a san cutar. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, laimar da ke cikinta takan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Laima da gajimare su ne bargon ƙasa, su ke tare zafin da ƙasa ta sha da rana kada ya tsere. Idan babu su, rana na faɗuwa sai zafin ya haye sama ya tafi. Abin da ya fi saurin sakin zafinsa kuwa shi ne kwano. Kwanon da ke gasa mutum a watan Afrilu, shi ne dai ke zame masa ƙanƙara a watan Janairu. Iska mai ɗumi sama take yi, saboda haka a ɗakin da babu silin, ɗan ɗumin da jikin mutum ya bayar kai tsaye yake tafiya ga kwano ya salwanta. Bangon bulo mai inci 6, mai rami a ciki, ba ya riƙe wani zafin kirki. Daɓen siminti kuma yana zuƙe ɗumin duk wanda ya shimfiɗa katifa a kansa. Sa'an nan ga gilasan taga da suka farfashe, ga tazarar da ke ƙarƙashin ƙofa. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kakanninmu ba su karanta kimiyya a jami'a ba, amma sun san wannan lissafi. Maginan Kano da Katsina da Zazzau sun yi gini da tubali, suka yi bango mai kauri, wani gindinsa ya haura rabin mita, suka rufe soro da azara da ƙasa, suka bar 'yan tagogi ƙanana can sama. Irin wannan bango yana wuni yana shan rana sannu a hankali, da dare kuma ya riƙa sakin zafin cikin ɗaki. Shi ya sa soro ke da sanyi da bazara, yake da ɗumi da hunturu. Wanda ke shakka ya shiga Gidan Makama a Kano, ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, ya ji da jikinsa. A ƙauye kuma, inda ake hura wuta a tsakar ɗaki ko ƙarƙashin gadon ƙasa, jinkar ciyawa ce a sama, hayaƙi na ratsa ta ya fita, sabuwar iska na shigowa ta asabari.

A nan ne babban kuskurenmu yake. Mun sauya ɗaki, amma ba mu sauya kasko ba. Mun bar jinka mai numfashi, mun koma ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe da tagar gilashi, sa'an nan muka ɗauko garwashin nan na kaka da kakanni muka shiga da shi, muka maida ƙofa muka danna sakata.

Ya kamata kowane mai karatu ya san abin da ke faruwa bayan an danna sakatar nan. Gawayi idan yana ci a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai guba da masana ke kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta farkar da mai barci. Idan ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin har sau 200 da ɗoriya, sai jinin ya riƙa zagaya jiki ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abincinsu ba. Alamunta na fari su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, abubuwan da kowa zai ɗauka gajiyar karatu ce ko zazzaɓi. Wanda ke barci kuwa ba ya ma jin ko ɗaya, daga barcin sai a wuce. Jan garwashin da ya daina hayaƙi, wanda mutane ke cewa ya nuna babu sauran illa, shi ma yana fitar da ita. Haka risho da aka bari a kunne don ɗumi, haka janaretan da aka shigar cikin ɗaki ko baranda don tsoron ɓarawo. Sau da yawa idan aka wayi gari aka tarar da mutanen ɗaki guda sun rasu gaba ɗaya babu rauni a jikinsu, sai a ce guba aka sa musu a abinci, ko a ce iskoki ne, alhali kuwa mai laifin yana nan a kusurwar ɗaki, ya zama toka.

Don haka duk wanda ya ƙwanƙwasa wa maƙwabci ƙofa ya tarar da shi a galabaice kusa da kasko, kada ya tsaya shafa masa ruwa a ciki. A buɗe ƙofa da taga, a fito da shi fili, a garzaya da shi asibiti, ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wani zai ce, to, a sayi hita mai aiki da lantarki mana. Bari mu buga lissafi. Hita mai wat 2,000 idan ta yi awa 8 a kunne ta ci yunit 16. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke kula da farashin lantarki ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa Naira 225 ga waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga baya aka ɗan rage. Ko da a Naira 200 aka yi lissafin, kwana ɗaya ya tashi Naira 3,200, wata guda kuwa Naira 96,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na shekarar 2024 Naira 70,000 ne. Watau ƙaramin ma'aikaci zai ƙone albashinsa duka a hita, ya kuma ciwo bashi. Wanda kuɗin wutarsa bai kai haka ba kuwa, galibi wutar ce ba ya samu. A ɗakunan kwanan ɗalibai, inda ba ɗalibi ke biyan kuɗin wuta ba, haɗarin wani iri ne: tsofaffin wayoyin da aka ja don ƙwan fitila da fanka ba za su ɗauki hita a kowane ɗaki ba, kuma a lokacin da katifa da labule da littattafai suka bushe ƙamas, tartsatsi ɗaya ya isa.

To, me ya rage? Abin da ya rage shi ne abin da ba ya cin kuɗi sai ɗan lokaci. A bi ɗaki da tafin hannu da magariba a ji ta inda iska ke shigowa. A naɗe tsohon zane ko buhu a tare ƙarƙashin ƙofa. Inda gilashi ya fashe a yanka kwali a liƙe. A rataya labule mai kauri, ko tsohon bargo, a taga da bakin ƙofa. A janye gado daga jikin bangon da ke fuskantar arewa ko gabas, domin shi iska ke duka. Wanda ke kwana a ƙasa ya sa kwali ko tabarma biyu ƙarƙashin katifa, ya tuna cewa abin shimfiɗa bai gaza abin rufa muhimmanci ba. Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi ɗaya mai kauri, saboda iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi. A kwana da hula da safa, ba abin kunya ba ne. Gwado da luru na masaƙanmu, da rigar sanyi ta gwanjo, sau ɗaya ake sayensu a yi shekaru ana mora, gawayi kuwa kullum sai an sake saye. Wanda sanyi ya matsa wa ya dafa ruwa a waje, ya zuba a gora mai murfin kirki, ya naɗe ta da tsumma ya sa wajen ƙafafunsa. In kuma an ga dole sai an ji ɗumin wuta, a ji shi a tsakar gida ana hira, a kashe ta da ruwa ko ƙasa kafin a shiga barci.

Sai dai kada toshe kafa ya zama toshe numfashi. Watannin rani su ne lokacin sanƙarau, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta shiga yana taimaka masa yaɗuwa. Iyayenmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, akasarinsu a Arewa. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu amma takwas ke kwana ciki yana bukatar 'yar kafa a sama ko da sanyi ya kai intaha. Da hantsi kuma a buɗe ƙofa da taga rana ta shiga, a shanya kayan kwanciya, a rufe da la'asar tun ɗumin bai gudu ba.

Waɗannan duk dabarun mai haya ne, wanda ba shi da ikon taɓa gini. Masu ikon kuwa da sauran aiki a gabansu. Muna kira ga hukumar jami'a da ta maida gyaran tagogi da ƙofofin ɗakunan kwana aikin kowace shekara, a gama shi kafin Nuwamba. Kuɗin 'yan gilasai bai kai kuɗin sake gina ɓangaren da gobara ta cinye ba. Muna kira ga masu gidajen haya da ke kewaye da mu, waɗanda ba sa mantawa da ƙarin kuɗi duk shekara, da su tuna cewa ɗakin da babu silin rumfa ce aka yi wa bango. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta tara sunayen ɗakunan da ke da fasassun tagogi, ɓangare ɓangare, ta miƙa a rubuce, ta kuma liƙa gargaɗi game da garwashi a kowace ƙofar shiga, da Hausa da Turanci.

Kira na ƙarshe ga 'yan'uwanmu masu karatun zanen gini da injiniya ne, da matasan ma'aikatan da gobe su ne za su sa hannu a kan taswirar gidajen gwamnati. Mun san ginin ƙasa yana da nasa wahala: yana son yaɓe akai-akai, damina mai ƙarfi kuma tana yi masa illa. Amma aikin mai ilimi shi ne ya gyara abin da ya gada. A garin Dandaji na Jamhuriyar Nijar, a 2018, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka maida tsohon masallacin ɗakin karatu, tare da maginan garin. Ƙasar da suka yi aiki da ita irin tamu ce. Ba daidai ba ne a ce jami'a na yaye masu digiri kowace shekara, amma ɗakin da ake gina wa talaka a yau ya gaza wanda Sarkin Magina ya gina shekara 200 da suka wuce wajen kare shi daga zafi da sanyi.

Kafin wannan rana ta zo, kowa ya duba maƙwabcinsa. Akwai maigadin da ke kwana a bakin ƙofar jami'a, akwai almajirin da ke kwana a zaure ba mayafi. Wanda ke da bargo biyu ya san inda zai kai ɗaya. Kuma duk wanda ya ga abokin kwanansa ya nufo ɗaki da kasko a hannu, ya tare shi a bakin ƙofa, ko da za a yi fushi. Fushin kwana ɗaya ya fi zaman makoki. Allah ya fisshe mu hunturun bana lafiya, amin.