Gida Ya Yi Tsada, Magada Sun Koma Haya

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya, mu leƙa wata unguwa a birnin Niyok na ƙasar Amurka, domin abin da ke faruwa da tsofaffin gidajenta ya fi duk wata rigimar gado da na taɓa ƙagowa a littafi.

Sunan unguwar Bedford-Stuyvesant, tana yankin Buruklin. Gidajenta benaye ne masu hawa uku ko huɗu, a jere, bangon wannan manne da na wancan, fuskarsu ta dutse mai launin ƙasa. Yawancinsu an gina su ne tsakanin 1870 da 1900 domin Turawa masu hali. Da jirgin ƙarƙashin ƙasa ya haɗa unguwar da Harlem a 1936, baƙaƙen fata suka yi ta tarewa, Turawa kuma suka yi ta tashi. A cikin waɗannan shekaru ne wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswira, ta shafa wa irin waɗannan unguwanni jan launi, ma'ana wuri ne mai hatsari ga mai ba da rance. Bankuna suka juya baya. Duk wanda ya mallaki gida a nan da gumin goshinsa ya mallaka, sau da yawa yana kwana a hawa ɗaya, ya ba da sauran haya don ya iya biya.

Mutanen nan ba su gudu ba lokacin da unguwar ta lalace. Su ne suka zaɓi Shirley Chisholm a 1968, baƙar mace ta farko da ta shiga majalisar dokokin Amurka. A 1988, sa'ad da ƙwaya ta addabi tituna, jama'ar Masallacin Taƙwa ƙarƙashin Imam Siraj Wahhaj suka yi kwana 40 suna sintiri dare da rana, har aka rufe gidajen da ake sayar da ita a kewayensu.

To, da wuri ya yi lafiya sai masu kuɗi suka farga. Gidan da a shekarun 1970 bai kai dala dubu 50 ba, yau ya haura dala miliyan 1, mai kyau ma yakan wuce miliyan 2. Za ka ce ai kakarsu ta yanke saƙa. Ni dai ra'ayina, tsadar gida ba ta zama arziki sai ga iyalin da takardunsu suke a kammale kuma kansu yake a haɗe. Ga sauran kuwa, tsadar nan ita ce ke kiran kura zuwa garke.

Ga yadda abin yake. Tsohuwa ta rasu ba ta bar wasiyya ba, gida ya zama na 'ya'ya da jikoki goma sha, wasu ma ba su san juna ba. Sai ɗan kasuwa ya binciko jika ɗaya da ke wata jiha mai nisa, wanda bai taɓa taka gidan ba, ya sayi kasonsa da kuɗi ƙalilan. Shi ke nan ya zama abokin tarayya. Daga nan sai kotu, ya ce a sayar a raba. Gida ya tafi a gwanjo, 'yar da ta yi jinyar uwarta a cikinsa shekara da shekaru ta kwashe kayanta. Wasu kuma ba sa ma wahalar da kansu, takardar mallaka suke ƙirƙira da sa hannun bogi, ko su yaudari dattijon da bashi ya yi wa katutu ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba.

Abin ya yi ƙamari har jihar Niyok ta yi doka a 2019, wadda ta ba sauran magada damar fara sayen kason kafin a kai ga sayar da gida, kuma dole a ƙiyasta farashinsa na gaskiya. A 2024 aka mayar da satar takardar gida babban laifi. Doka ta yi kyau, amma ba ta dawo da wanda ya riga ya tashi. Ƙidayar 2020 ta nuna baƙaƙen fatar unguwar sun ragu da sama da dubu 20 cikin shekara goma.

Wani zai ce, to mene ne laifin sayarwa? Babu laifi ko kaɗan. Iyalin da suka zauna, suka san darajar abinsu, suka sayar da yardar kowa, sun ci riba ta halal, Allah Ya sa albarka. Kukana a kan wanda aka saye gidan daga ƙarƙashinsa ne yana barci.

Kada mu ce wannan matsalar mutanen Amurka ce. Duk mai bin layukan Fagge a Kano ya ga yadda gidajen iyaye ke rikiɗa su koma shaguna, kuma ya san yadda dillali ke fara zuwa wajen magajin da ya fi kowa matsuwa. Gadon da aka bari shekara ashirin ba a raba ba, wai don kunya ko gudun ɓacin rai, shi ne wanda bare ke shigowa ya raba mana.

Don haka 'yan uwa, a raba gado da wuri, a rubuta, a sa shaidu. Wanda zai sayar da kasonsa ya fara tallata wa ɗan uwansa. A kuma tambayi farashi a wuri fiye da ɗaya kafin a sa hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah Ya haɗa kan zuri'armu. Mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu in Allah Ya kai mu.